Daga Yankan Fiza a Tokyo Zuwa Masar Bauchi: Yadda Baƙon Abinci Kan Zama Ɗan Gari

Gabatarwa

Abinci ma matafiyi ne kamar ɗan'adam. Yakan bar garin da aka haife shi, ya bi fatake da sojoji da 'yan ci-rani, ya sauka a inda ba a san shi ba. Wani ya yi kwana biyu a manta da shi, wani kuma ya zauna daram har jikokin masu masaukinsa su rantse cewa na kakanninsu ne. Wannan maƙala za ta dubi abin da ke sa baƙon abinci ya zauna. Za a ɗauki misalin fiza, wadda aka haifa a Italiya, ta girma a Amurka, yau kuma ake sayar da ita yanka-yanka a birnin Tokyo na ƙasar Japan. Daga nan sai a dawo gida Bauchi, a auna abin da aka gani da ma'aunin masa da awara da teburin mai shayi. Manufa ita ce a nuna wa ɗalibin harshe cewa abu biyu ne ke ba baƙon abinci takardar zama ɗan gari, wato a sayar da shi daidai aljihun talaka, sannan a raɗa masa sunan da bakin mutanen gari zai iya furtawa.

Mece ce fiza, kuma ina ta fito?

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, fiza wata irin gurasa ce mai faɗi kamar faifai. Ana kwaɓa fulawa da yis da gishiri, a bar ta ta tashi, a buɗa ta da hannu, a shafa markaɗaɗɗen tumatir a kai, a barbaɗa cuku mai narkewa, sannan a gasa a murhu mai tsananin zafi. Wasu kan ƙara nama ko albasa ko tattasai.

Asalin irin wadda duniya ta sani a yau birnin Napoli ne a kudancin Italiya, garin da masu kallon ƙwallo suka sani saboda Victor Osimhen ya ci kofin ƙasar da ƙungiyarsa a 2023. A ƙarni na 18 da na 19 abincin talakawan birnin ce, 'yan dako da leburorin bakin teku, waɗanda kan saya a titi su ci nan take. Shi kansa tumatir ɗin da ake shafa mata baƙo ne a Turai, domin sai a ƙarni na 16 aka kai shi daga nahiyar Amurka. Labarin da ya shahara shi ne cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita wata fiza mai launin tutar Italiya, ja da fari da kore, daga nan aka sa wa irin wannan sunan sarauniyar. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa fizar Napoli cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Talauci ya kori miliyoyin mutanen kudancin Italiya zuwa Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka tafi da abincinsu. A birnin New York shagon Lombardi's, wanda ake danganta buɗe shi da shekarar 1905, shi aka fi ambata cikin na farko-farko. A can ne fiza ta sake kama. Ta ƙara faɗi har ta kai kimanin inci 18, aka riƙa yanka ta gida takwas, kowane yanka mai kusurwa uku. Mai shago kan gasa ta tun da wuri ya ajiye a bayan gilashi, in mai saye ya zo sai a ɗauki yanka ɗaya a mayar murhu ya ɗumama, a miƙa masa a farantin takarda. Shi kuma ya naɗe shi biyu ya ci a tsaye, ya koma bakin aikinsa. Wannan dabara ta yanka ita ta mai da fiza abincin kowa a birnin, domin wanda ba ya da kuɗin guda sukutum yana da na yanka ɗaya. Daga baya manyan kamfanoni suka shigo, Pizza Hut a 1958 da Domino's a 1960, su ne kuma suka yaɗa samfurin Amurka a duniya.

Fiza a Tokyo

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun mamaye Japan daga 1945 zuwa 1952, abincinsu kuma ya biyo su. A tsakiyar shekarun 1950 wani Ba'amurke mai tsatson Italiya, Nick Zappetti, ya buɗe gidan fiza a unguwar Roppongi ta Tokyo. Kamfanin Shakey's ya shiga ƙasar a 1973, Domino's kuma ya buɗe shagonsa na farko a Tokyo a 1985, ya kawo al'adar kai wa mutum har gida a kan babur. A 1987 'yan ƙasar suka kafa nasu kamfanin mai suna Pizza-La.

Japanawa ba su karɓe ta yadda ta zo ba, sai da suka juya ta daidai harshensu. Suka ɗora mata masara da dankali da mayonis da jatan-lande da sauran naman ruwa, abin da mutumin Napoli zai gani ya riƙe baki. Amma duk da haka, shekaru da dama fizar da ake kai wa gida ta zauna a matsayin abincin taro. Guda ake saye, tana da tsada, sai an haɗu 'yan gida ko abokai, musamman lokacin bukukuwan ƙarshen shekara.

A shekarun 2010 ne shagunan da ke sayar da ita yanka-yanka irin na New York suka yawaita a unguwannin matasa kamar Shibuya. Dalilin karɓuwarsu ba boyayye ba ne. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa kusan rabin gidajen Tokyo mutum ɗaya ne kacal a cikinsu. Wanda yake zaune shi kaɗai me zai yi da faifan fiza mai yanka takwas? Daɗin daɗawa, sayen abinci ɗaya-ɗaya ba baƙon abu ba ne a birnin. Tun a ƙarni na 19, lokacin ana kiran garin Edo, ake sayar da sushi, wato curin shinkafa da yankan kifi a kai, a 'yan rumfunan bakin titi. Har yau akwai shagunan taliya a tashoshin jirgin ƙasa inda ma'aikaci kan ci a tsaye cikin 'yan mintoci. Ashe ke nan yankan fiza ya tarar da gurbinsa a shirye. Abu ɗaya ne bai samu shiga sosai ba, shi ne cin abinci ana tafe a titi, domin Japanawa na ganin hakan rashin kamun kai ne, kamar dai yadda iyayenmu kan tsawata wa yaron da suka gani yana tafe yana tauna.

Mu dawo Bauchi

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan Bauchi da abin da ake ci a Shibuya? Ruwansa shi ne dabarar da ta ɗauki fiza shekaru kafin ta kai Tokyo, mai masa a Bauchi ta daɗe da saninta. Garin nan da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya yi suna da masa har ta zama tsarabar da ake tambayar duk wanda ya dawo daga can. A jiƙa shinkafar tuwo, a markaɗa, a haɗa da ɗan dafaffen tuwo ko shinkafa, a sa yis a bar ƙullun ya tashi, a gyara shi da sukari da albasa, sannan a riƙa zubawa da ludayi a gurbin tanda ana juyawa. A ci da miyar taushe, ko ƙuli-ƙuli da yaji, ko zuma.

Abin lura a nan shi ne tanda kanta ma'auni ce. Kowane gurbi masa ɗaya yake fitarwa, saboda haka ba a bukatar wuƙa. Ɗalibin da ke Yelwa wanda kuɗinsa na biyu ne zai sayi biyu, ɗan dakon kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya sayi biyar, mai biki ya aiko da bokiti a cika masa ɗari. Babu wanda aka kora don aljihunsa bai kai ba. Iya kuɗinka iya shagalinka, in ji masu iya magana. Haka abin yake a wajen mai ƙosai da mai tsire da mai rake da mai kankana, kowa ya karkasa hajarsa zuwa mafi ƙanƙantar abin da hannu zai iya biya.

Baƙin abincin da suka zauna a ƙasar Hausa duk ta wannan ƙofa suka shigo. Burodi bai zama na kowa ba sai da mai shayi ya sa masa wuƙa, ya sayar da rabi ko kwata ko yanka. Madarar gwangwani da sukari da garin koko sai da ya riƙa auna su da cokali. Abin mamaki kuma, wasu daga cikin kayan da ke kan teburinsa da cikin tukwanen iyayenmu daga Japan ɗin suka samo asali. Taliyar leda mai saurin dahuwa wani mutum ne mai suna Momofuku Ando ya ƙirƙiro ta a yankin Osaka a 1958, sai ta biyo ta Indunusiya ta iso mana da sunan Indomie, yau ga ta ana soya ta da ƙwai a kowane lungu. Farin magi da mata ke kira Ajino kuwa na kamfanin Ajinomoto ne, wanda ya fara sayar da shi a Japan a 1909 bayan binciken wani masani, Kikunae Ikeda. A ƙaramar leda ya shiga kasuwarmu, shi ya sa ya kai ƙauye. Ita ma awarar waken suya 'yar'uwar tofu ce, abincin yau da kullum a Sin da Japan, kuma yanka-yanka ake sayar da ita a ƙofar makarantu. Da wuya ka samu yaron Bauchi da zai yarda cewa awara baƙuwa ce.

To ina matsayin fiza a nan? Kamfanin Domino's ya buɗe a Legas a 2012, kuma masu yin fiza a Nijeriya sun bi sawun Japanawa wajen gyara ta, har akwai mai ɗanɗanon tsire da yaji. A Arewa naman alade da aka saba sa mata a Amurka ba ya shiga, kaza da naman shanu suka maye gurbinsa. Sai dai a gidajen abinci na zamani inda ake samunta, galibi guda ake sayarwa cikin kwali, kuma fulawa da cuku da wutar gashi duk masu tsada ne. Don haka har yanzu baƙuwa ce mai zama a falo, abincin ranar zagayowar haihuwa da ɗaukar hoto. Ranar da wani mai dabara ya kafa teburi a bakin tasha ya ce ga yanka ɗaya daidai kuɗin masa huɗu ko biyar, ranar za ta fara zama 'yar gari.

Sunan da baki zai iya ɗauka

Ƙofa ta biyu ita ce ta harshe, nan ne kuma aikinmu yake. Kalmar aro ba ta shiga harshe sai ta cire takalmanta ta bi dokar gidan. Japananci da Hausa sun yi kama ta wata fuska, domin dukansu ba sa son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa. Idan kalma ta zo da irin wannan cunkoso sai a tsarma wasali a tsakani. Kalmar Ingilishi ta yanka, wato slice, a bakin Bajapane ta koma suraisu, ya raba baƙaƙen da wasali, ya mai da l ta zama r tun da harshensa bai bambance su ba, ya kuma rufe da wasali. Mu ma abin da muka yi ke nan da muka samar da burodi da birki da firamare da direba.

Ita kuwa kalmar pizza, Italiyawa da sautin ts suke furta tsakiyarta. Japanawa suna da siffa biyu. Piza ita ce gama-gari, wadda ta zo ta hannun Amurkawa, sai kuma pittsa da masu gidajen abinci kan yi amfani da ita idan suna son nuna cewa tasu irin ta Napoli ce. Wato hanyar da abinci ya biyo takan bar sawunta a jikin sunansa. A Hausa kuma daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta da harafin p, duk inda ya zo a kalmar aro f ce ke maye gurbinsa, kamar a fensir da fasinja da fakiti da fanke. Bisa wannan ƙa'ida fiza ya kamata mu rubuta. Da yake kuma ta ƙare da wasalin a, sai Hausa ta sa ta a jinsin mace kamar masa da gurasa da shawarma, a ce fizar ta huce, alhali burodi namiji ne, sai a ce burodin ya bushe.

Wanda ya bi sunayen abincinmu zai karanta tarihin cuɗanyar Hausawa da sauran al'ummu. Gurasa da alkaki da shayi daga Larabci suke, shaidar fataucin Sahara da zaman Larabawan Arewacin Afirka a birnin Kano. Fanke da biskit da kek na zamanin Turawa ne. Japananci ma haka yake, kalmarsu ta burodi, wato pan, daga 'yan Fotugal suka aro ta, waɗanda suka fara isa ƙasar a 1543. Suna da suna na musamman ga irin waɗannan kalmomi, gairaigo, har da jerin haruffa da ake kira katakana wanda da shi ake rubuta su, ta yadda mai karatu na gani zai san baƙuwa ce. Ko a cikin gida ma suna kan nuna gari. Abin da Bauchi ke kira masa, Kano waina take ce masa, mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu kuwa mukan riƙe wanda muka fara ji a kasuwar garinmu. Amma a karin magana na Kano ne ya yi rinjaye, domin ko a Bauchi cewa ake yi wane bai san wainar da ake toyawa ba.

Inda gizo ke saƙar

Aron sunan abin da ba mu da shi ba laifi ba ne, babu harshen da bai yi ba. Matsalar ita ce aron abin da muke da shi a ɗaka. Shiga gidan abinci na zamani ka saurara, za ka ji matashi Bahaushe yana cewa a ba shi slice biyu ko piece uku, kamar Hausa ba ta san yanka ba. Alhali kuwa fannin awo da kason abinci yana cikin inda harshen nan ya fi wadata. Ga kaɗan daga ciki. Nama da awara da doya yanka ake cewa. Tuwo malmala ne, fura da ƙuli-ƙuli curi, tsire tsinke, rake gaɓa, goro ɓari, tumatir da attaruhu kashi, gishiri da yaji ƙulli, alayyafo ɗauri, hatsi kuwa mudu ko tiya ko dami. Abin da aka ɓalla da hannu gutsure ne, wanda aka kai baki sau ɗaya kuma loma. Kowace kalma a nan tana faɗin siffar abin da kuma yadda aka raba shi.

Japanawa ma suna da irin wannan tsari, har ya fi namu tsauri, domin a harshensu ba a ƙirga abu sai da kalmar awo da ta dace da siffarsa. Fiza guda, da yake abu ne mai faɗi kamar takarda, ichimai suke cewa, yanka ɗaya kuma hitokire. Duk da sun ari suraisu, waɗannan kalmomi nasu na nan da ransu ana amfani da su kullum. Darasin da ke ciki shi ne harshe na iya karɓar baƙo ba tare da ya kori 'yan gida ba. Idan kuwa muka bari kalmomin awo suka zama na tsofaffi da 'yan ƙauye kawai, nan gaba za a sami ɗan Bauchi da ya san slice amma bai san malmala ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi tukunya kai tsaye. Sau da yawa abincin da aka kira da Turanci shi ake gani da daraja, a biya kuɗi mai yawa ba ciniki, na gida kuma a tsaya ana neman gyara. Matan da ke tashi tun asuba su hura wuta a ƙarƙashin tanda da wannan sana'a suke ciyar da gida, su biya kuɗin makaranta, su yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Mutanen Napoli sun ɗauki abincin 'yan dakonsu da muhimmanci har duniya ta yarda cewa gado ne. Masar Bauchi ba ta gaza ta a ƙwarewa ba, abin da ta rasa shi ne masu rubuta yadda ake yin ta da kalmomin da masu yin ta ke amfani da su.

Kammalawa

An ga yadda fiza ta tashi daga Napoli ta bi ta New York ta isa Tokyo, da yadda yanka ta ya sa ta dace da rayuwar mutanen birni. An ga kuma cewa dabarar sayarwa ɗaya-ɗaya ita ce ta riƙe masa, ita ce kuma ta shigo da burodi da Indomie da awara cikin abincinmu. Ta fuskar harshe, an nuna cewa Hausa da Japananci kowanne na da hanyar da yake lanƙwasa kalmar aro. Shawara ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, masu neman batun kundin digiri su leƙa wajen masu masa da masu shayi da mahauta da littafi a hannu, su tattara kalmomin awo da na girki tun masu su na raye. Masu sha'awar fassara da aikin rediyo kuma su saba wa bakinsu da fiza da yanka, domin abin da aka ji a rediyo shi yara kan ɗauka. In fiza ta zo Bauchi da niyyar zama, muna yi mata maraba, amma da Hausa za mu yi cinikinta, mu ce a ba mu yanka biyu, a sa yaji a gefe.